Wa ke Zaune a Bencin Baya?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a unguwar Zongo ta nan Kwatano ya san abin da ke faruwa a ranar farko ta komawa makaranta. Da misalin ƙarfe takwas na safe za a kaɗa ƙararrawa, yara su yi layi cikin kakinsu sabon ɗinki, a ɗaga tuta, sa'an nan kowa ya nufi ajinsa. A ajin farko, watau CI, ba a gaya wa kowa inda zai zauna, amma kafin malami ya gama buɗe rajista aji ya riga ya rabu biyu. 'Ya'yan ma'aikata da waɗanda suka yi shekara ɗaya ko biyu a makarantar renon yara sun kame gaba, don sun san abin da ake nufi idan an ce a tashi ko a zauna. Can baya kuwa, jikin bango, sai ka tarar da namu: ɗan mai sayar da goro, 'yar mai tuwo, ɗan mahauci, ɗan maigadin da ya zo daga Dogon Dutsi ko Tawa bara. Sun ƙanƙame jakunkunansu, sun yi tsit.

Yaron nan da ya yi tsit ba bebe ba ne. A gida Hausa yake yi, a ƙofar gida ya yi Zabarmanci ko Dandanci da 'ya'yan maƙwabta, idan an aike shi Missèbo ya yi ciniki da Yarbanci ko harshen Fon, da asuba kuma ya ɗauki allonsa ya biya surorin da ya haddace. Watau yaro ɗan shekara shida mai sarrafa harshe uku ko huɗu, shi ne zai shiga aji a ɗauke shi wanda bai san kome ba, saboda harshen da ake tambayarsa da shi, Faransanci, bai taɓa jin sa ba sai a rediyo. Wanda ya fara daga bencin baya a CI sau da yawa a nan yake zama har CE2, ya maimaita aji sau ɗaya ko biyu, ya yi wa 'yan ajinsa tsawo, sai wata rana a ga ba ya nan. Idan an bincika, yana wajen Jonquet yana dako, ko yana taya wani Alhaji jiran shago. Mun yi shekaru muna kallon wannan abu, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo shi wannan fili, iyaye su ji, 'yan'uwanmu malamai su ma su ji.

Idan aka duba takarda, ƙasar Benin ta yi abin da ya kamata. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce karatun firamare wajibi ne, kuma gwamnati za ta mai da shi kyauta sannu a hankali. Ya kuma ba kowace al'umma 'yancin amfani da harshenta da raya al'adunta. A watan Oktoba na 2006 gwamnatin Shugaba Boni Yayi ta soke kuɗin makaranta a firamare da makarantun renon yara na gwamnati, yara suka yi ta kwarara har azuzuwa suka cika maƙil. A 2015 aka yi dokar kare yara wadda ta hana duka a makaranta, a 2017 kuma aka yi ta kare haƙƙin naƙasassu. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai ita doka iyakarta ta shigar da yaro aji. Ko zai ji ajin nan nasa ne, ko kuwa baƙo ne da ake haƙuri da shi, wannan yana hannun wanda ke tsaye gaban allo, da kuma wanda ya turo yaron daga gida.

Maganar harshe

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun tarar da sauran wata al'ada da Turawan mulkin mallaka suka bari, wadda ake kira sinyal. Wani ƙashi ne ko katantanwa da aka zura wa igiya. Duk wanda aka kama yana magana da harshen gida sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya shiga farautar wanda zai miƙa wa, wanda abin ya kwana a hannunsa shi ne zai sha bulala. Abin da ya fi bulalar muni shi ne, sinyal ya mai da kowane yaro ɗan leƙen asirin abokinsa, ya kuma koya mana cewa harshen da uwa take rarrashinmu da shi abin kunya ne. An daina rataya ƙashin, amma har yau akwai azuzuwan da idan yaro ya kuskure ya ce “ban gane ba” da Hausa, sai aji ya fashe da dariya, malami kuma bai tsawata ba. Yaro ba ya bukatar a yi masa haka sau biyu. Daga ranar zai rufe bakinsa.

Ba yau aka fara tunanin gyara wannan ba. Tun gyaran ilmi na 1975, zamanin Shugaba Mathieu Kérékou, an yi niyyar shigar da harsunan ƙasa cikin makaranta. Dokar ilmi ta 11 ga Nuwamba 2003 ta sake tabbatar da haka, ta ce za a fara koyar da su a matsayin darasi, daga baya a riƙa koyarwa da su. A 2013 aka fara gwaji a wasu makarantu ƙarƙashin shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, da harsuna shida: Fon, Aja, Yarbanci, Baatonu, Dandanci da Ditammari. Mai karatu ya lura babu Hausa a ciki, kuma ba mu ga laifin kowa ba, don a ƙasa mai harsuna fiye da 50 dole a fara da waɗanda suka fi yawan jama'a. Amma maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, a Nijeriya kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. Ke nan littattafai da ƙwarewa suna nan kusa da mu, ba sai an je Faransa ba.

To, mu kam ba za mu jira sai an sa Hausa cikin manhaja ba, kuma ko an sa ba za ta wadatar ba, domin ajin Zongo ba na Hausawa ne kaɗai ba. A aji guda za ka sami Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Bafulatani da ɗan Fon da ɗan Mina. Babu malamin da zai iya duk waɗannan harsuna. Abin da zai iya shi ne ya daina ɗaukarsu abokan gāba. Idan za mu koyar da sabuwar kalma, misali sunan ruwa ko hannu ko kasuwa, mukan tambayi aji yadda ake faɗinta a gidajensu, mu rubuta su a gefen allo, sa'an nan mu ɗora ta Faransanci a kansu. Minti biyu kawai yake ci. Amma ranar da ɗan bencin baya ya ga kalmar bakinsa a kan allo, malami kuma ya gwada faɗinta ya yi kuskure har shi yaron ya gyara masa, ranar ce yake fara ɗaga hannu.

Mun sani akwai iyayen da ba sa son jin wannan. Wani dattijo ya taɓa tare mu bayan sallar La'asar, ya ce shi Faransanci ya kai ɗansa ya koya, Hausa kuwa akwai ta a gida kyauta. Gaskiyarsa, kuma mun ce masa, Baba, burinmu ɗaya ne. Jarrabawar CEP da Faransanci ake yin ta, takardar neman aiki da shi ake rubuta ta, ba mu da niyyar rage wa yaro ko ƙwayar zarra daga ciki. Hausar tsani ce kurum da za a taka a hau.

Abin da yaro ya zo da shi

Kuskuren da muka fi yi, mu malamai, shi ne ɗaukar yaro kamar ƙwarya ce wadda babu kome a ciki. Bari mu fara da suna. A rajista an rubuta sunan yanka kamar yadda yake a takardar haihuwa, da rubutun Faransanci. Amma a gidan Bahaushe yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiran sunan, saboda alkunya. Abba ake ce masa, ko Baba, ko Babangida. Yarinya kuma Ummi ce ko Uwani, ko a kira ta da ranar haihuwarta, Ladi ko Talatu ko Jummai. Sai ka ga malamin da bai san wannan al'ada ba yana ta kiran suna, yaro yana zaune yana kallonsa bai amsa ba, a rubuta bai zo ba, ko a ce taurin kai ne. Alhali shi bai ma san sunansa ne ake kira ba. Haka nan sunkuyar da kai idan babba yana magana. A gida ladabi ne, a aji sai a daka masa tsawa a ce ya ɗago ya kalli malami. Ba mu ce kada a koya masa yadda ake yi a makaranta ba. A koya masa, amma a gaya masa cewa abin da ya koya a gida ba laifi ba ne, wuri ne ya bambanta.

Sai kuma almajirin allo. Idan ka ba shi sabon littafin rubutu zai buɗe shi ta baya, ya fara layi daga dama zuwa hagu. Mun sha ganin an ja wa irin wannan yaro jan bik a kan shafi duka. Amma a tsaya a yi tunani. Wannan yaro ya riga ya san cewa zane yana ɗauke da sauti, ya san riƙon alƙalami, ya san zama wuri guda ya maimaita abu har ya zauna masa. Waɗannan su ne abubuwan da malamin CI yake shan wahalar wata uku kafin ya dasa wa sauran. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa wannan rubutun ta hagu yake farawa. Mu mukan sa ɗigo a gefen hagu na kowane layi na mako biyu, shi ke nan.

Lissafi ma haka. Yarinyar da ke tallan goro da yamma, idan ka sayi na dala talatin ka miƙa mata dala ɗari, kafin ka rufe baki ta ba ka canjin dala saba'in. Amma rubuta mata 500 a cire 150 a kan allo, sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Dalili kuwa shi ne, mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce, saboda haka abin da littafi yake kira 100 ita ashirin ta san shi, abin da yake kira 1000 ita jaka ta sani. Lissafi biyu ne suke karo a kanta, ba wanda ya taɓa haɗa mata su. Ranar da muka kawo tsabar kuɗi aji muka jera su a tebur, muka ce kowa ya faɗi sunan kowanne a harshensa sa'an nan a karanta lambar da ke jiki, 'yan tallan nan ne suka koya wa 'ya'yan ma'aikata jadawalin biyar.

Game da wurin zama kuwa, maganin ba shi da tsada. Kowace Litinin layin baya ya dawo gaba, sauran su ja baya da layi ɗaya, sai dai masu larurar ido ko kunne waɗanda wurinsu na gaba ba ya motsi. A kowane benci a haɗa mai ɗan Faransanci da wanda suke jin harshe ɗaya, a kuma ba su izinin yin raɗa. Sa'an nan akwai tsohuwar hanyar nan ta La Martinière da ake koya wa kowane ɗalibin makarantar horon malamai, inda malami zai yi tambaya, kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa, a buga tebur a ɗaga gaba ɗaya. Wasu suna ganin ta tsufa. Mu kuwa ba mu ga abin da ya fi ta adalci a aji mai cunkoso ba, domin tana hana yara biyar masu zaƙin baki su cinye darasin duka. Haka kuma shara da ɗebo ruwa da goge allo, a yi su bi da bi tsakanin maza da mata. Yarinyar da ta yi shara a gida tun asuba bai kamata ta zo makaranta a sake miƙa mata tsintsiya namiji yana wasan ƙwallo ba.

Waɗanda ba su zo ba ma

A watan Yuni na 1994 wakilan ƙasashe 92 suka taru a birnin Salamanca na ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, har da naƙasasshe, makaranta ce za ta gyara kanta don yaron. Benin ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012. Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A unguwar Louho ta Porto-Novo, tun shekarun 1990 aka kafa makarantar da kurame da masu ji suke zama aji ɗaya, malami yana magana da baki yana yi da hannu, masu jin su ma suna koyon maganar hannu. A nan Kwatano akwai cibiyar makafi a Sègbèya da makarantar kurame a Vêdoko. Nawa ne daga cikin iyayen Zongo suka san da su?

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A unguwarmu, yaron da aka haifa gurgu ko makaho, tun yana ƙarami ake yanke masa sana'a, watau bara a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Wani kuma a ɓoye shi a ɗaki don kada a gani. Malami ba zai iya shigar da yaron da ba a kawo masa ba. Waɗanda ake kawowa kuwa, sau da yawa larurarsu ba ta fito fili ba, kuma a nan mu ma muna da namu laifin. Akwai wani yaro da muka riƙe kusan shekara guda muna ce masa mai wasa, kullum bakinsa a buɗe yana kallon na kusa da shi, sai kowa ya fara rubutu shi kuma ya fara. Wata rana muka tsaya a bayansa muka kira sunansa a hankali, bai waiwayo ba. Muka zagayo gabansa muka kira da murya iri ɗaya, ya amsa. Ashe leɓe yake karantawa. Da muka kira mahaifiyarsa ta ce kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa tun yana goye. Mun mai da shi gaba, muka daina magana fuskarmu na kallon allo, aka kai shi asibiti. Shekarar da ya yi hasara kuwa ba ta dawo ba, kuma mu ne muka jawo masa. Tun daga nan muke yi wa kowane sabon aji wannan gwaji, da na karanta harafi daga bayan aji. Zabiya kuma ko ba a gwada ba a san idonsa ba ya ganin nesa, a ba shi gaba, a nisanta shi da hasken taga, a kuma ƙyale shi ya sa hula.

Akwai kuma yaran riƙo, waɗanda mutanen kudu suke kira vidomègon. Ba a gidajen Fon kaɗai suke ba, muna da su a gidajenmu, an ɗauko su daga ƙauye da sunan za a sa su makaranta. Yarinyar da take gyangyaɗi kullum da ƙarfe uku na yamma, kafin a daka mata tsawa a tambayi ƙarfe nawa take tashi.

Rabon iyaye

Kada a ɗauka kullum namu ne ake ware wa. A makarantar da 'ya'yan Zongo suka fi yawa, su ma sun iya wariya. Mun ji da kunnenmu yara suna kiran abokin karatunsu arne saboda ya sa sarƙar gicciye, ko suna kwaikwayon Hausar ɗan Buzu ana dariya. Yaro ba ya ƙirƙiro irin waɗannan kalmomi, a zaure yake jin su. Makarantar gwamnati ba ta addini ba ce, haka tsarin mulki ya ce, kuma ƙasar nan tana ba da hutu ranar Sallah ƙarama da babba da Mauludi, kamar yadda take bayarwa ranar Kirsimeti da bikin addinan gargajiya na watan Janairu. Abin da muke nema ga malami wanda ba Musulmi ba, watau ya san watan azumi ya sassauta wa manyan yara guje-guje da rana tsaka, shi ne ya wajaba mu ma mu koya wa 'ya'yanmu su yi wa wasu.

Sai takardar haihuwa. Ba a rubuta yaro jarrabawar CEP ba tare da ita ba, kuma kowace shekara sai mun ga yaro mai ƙoƙari ya kai CM2 sa'an nan a fara neman takardar da ba a taɓa yi ba, ko wadda aka bari a Birnin Ƙonni ko Sakkwato. Daga 2017 zuwa 2018 gwamnati ta yi rajistar jama'a ta RAVIP, aka kuma kafa hukumar ANIP mai kula da takardun shaida, saboda haka hanya ta fi dā sauƙi. A fara nema tun yaro yana CP. Haka nan tafiye-tafiye. An san mu mutanen fatauci ne, kuma zumunci wajibi ne, amma ɗauke yaro wata biyu a tsakiyar shekara don bikin wani a gida, shi ne yake mai da shi bencin baya ko da malami ya jawo shi gaba.

Taron ƙungiyar iyayen yara kuwa, mun san dalilin da ya sa namu ba sa zuwa. Ana yin sa da Faransanci da harshen Fon, dattijo ya zauna awa biyu bai ji kome ba sai adadin kuɗin da za a tara. Wannan ana iya gyarawa da tafinta guda ɗaya, kuma muna da samari masu BEPC da Bak a kowane lungu na Zongo-Nima da Zongo-Ehuzu waɗanda za su yi wannan aiki don Allah. Idan limamanmu da masu unguwa suka sanar da ranar taro kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, iyaye mata ma aka ba su wurin zama da damar magana, to shugabannin makarantu za su fara lissafi da mu. Malaman allo su ma a gayyace su. Yaro ɗaya muke rabawa da su, su da asuba da bayan Magariba, mu da rana, amma da wuya ka ga malamin lakwal da malamin allo sun taɓa zama sun tattauna ko ƙarfe nawa yaron yake kwanciya.

A bana mun ƙara layi uku a gefen rajistar ajinmu, mun kuma roƙi kowane uba ko uwa da suka kawo yaro su tsaya minti biyu mu cike su tare: sunan da ake kiran yaro a gida, harshen da ake yi masa magana da shi, da kuma ko akwai abin da ke damunsa a ido ko kunne ko ƙafa. Ran Litinin ta farko muka kira sunan yanka haɗe da na gida, kowa ya amsa sai mutum ɗaya, wanda aka ce ya bi mahaifiyarsa Malanville bai dawo ba tukuna. Wurinsa yana nan a layin baya, kusa da wani ɗan Dandawa da suke gida ɗaya, mun kuma aika wa mahaifinsa cewa ranar Litinin mai zuwa layinsu ne zai koma gaba.